Kafin Ka Sayi Tsohon Jirgin Ruwa, Ɗan Adar

Ɗana, maganar da ake yi a majalisun shayi na Badaguishiri ta iso kunnena. Wai kuɗi ya koma bakin ruwa. Tun da aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mutane da kaya suka koma ƙetare kogin Isa ta jirgi, masu jirage kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Shi ke nan duk wanda ya dawo daga biɗa, ko daga Abijan ko daga Libiya, da ɗan abin da ya tara, sai wani ya raɗa masa cewa akwai jirgi mai inji na hannu, mai shi yana cikin matsi, zai sallama da araha. Har hoto ake turowa ta WhatsApp: jirgi ya sha fenti shuɗi da ja, an rubuta masa addu'a a goshi.

Ban ce kada ka saya ba. Sana'ar ruwa halal ce, ta riƙe gidajen Sarkawa da Kabawa tun kafin a haifi kakanninmu. Amma kai ɗan tudu ne, kuma ba zagi ba ne. Ruwan da ka sani shi ne na rijiyar garka da na ƙorama mai wucewa da damina ta bar yashi. Ko manyan tafkunan jiharmu ta Tawa, irin su Tabalak da Ɗan Dutsi, ko madatsun Mozage da Zango da ke shayar da gonakin Ƙonni, ruwa ne na kwale-kwale da gora da taru, mai ja da baya idan bazara ta kankama. Wanda ya ce ka saya musu babban inji yana son kuɗinka ne kawai. Ruwan inji yana can Gaya, da Yawuri a bayan madatsar Kainji, da Tafkin Cadi. Na ƙarshen nan ma cire shi daga lissafi, tun da ka san yadda rashin tsaro ya addabi masunta a yankin Diffa daga 2015. Wato ko Gaya ka zaɓa, dukiyarka za ta zauna nesa da idonka, bayan Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 400.

Ga abin da ke ba ni mamaki. Kai ne wanda idan aka kawo maka sa a kasuwar dabbobin garinmu, ba ka taya shi sai ka buɗe bakinsa ka ƙirga haƙora, ka sa yaro ya kora shi ka ga takunsa, ka ɗaga wutsiya, ka shafa tozo. Dillali bai isa ya sayar maka da sa yana kwance ba. To me ya sa za ka aika kafin alƙalami a kan jirgin da rabinsa ke ɓoye cikin ruwa? Cinikin biri a sama ke nan.

Masu kuɗin Amurka da Turai suna da wasu jiragen shaƙatawa da ake ƙerawa da siffar jiragen kamun kifi, masu faɗin ciki da tafiyar sannu da injin gas, irin su Grand Banks, kuma da yawansu na hannu ake saye. Duk da kuɗin da suke da shi, mai hankalinsu ba ya biya sai ya ɗauko gwani daga aljihunsa, ba na mai sayarwa ba. A ɗaga jirgin sama da ƙugiya, gwanin ya bi cikinsa da ƴar guduma yana ƙwanƙwasawa yana saurare, ya sa na'urar auna damshi, sannan a mayar da shi ruwa a yi tafiyar gwaji. Idan mai abin hannunsa yana wannan taka-tsantsan a kan abin wasa, ina ga kai da guminka na shekaru ke ciki?

Kai ba ka da ƙugiya, amma kana da bakin gaɓa da ƙarti. A janyo jirgin tudu, a karkata shi. Mai jirgin da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba ka amsa, yi masa sallama. Kuma kada ka je kai kaɗai. Je ka gaida sarkin ruwan wurin, ka roƙe shi ya haɗa ka da tsohon maƙerin jirgi wanda ba shi da la'ada a cinikin, ka biya shi ladansa da kyau. Za ka ga ba ya ko kallon fenti. Wuƙa zai zaro ya riƙa soka bakinta a katako, musamman ƙasa inda ruwa ke kwanciya, da gindin haƙarƙarin jirgin, da allon baya inda ake ɗaura inji. Katako mai rai yana tura wuƙa baya. Wanda ya mutu kuwa sai ta nutse shiru, ta fito da baƙin gari mai warin ruɓa. Zai duba kan kowace ƙusa, domin inda tsatsa ta zubo ta yi zane a jikin katako, ƙusar nan ta cinye daga ciki, saura kai. Zai tambayi irin itacen, ko maɗaci ne ko wani farin katako mai shan ruwa. Inda ya ga an liƙa gwangwani an malala sabuwar kwalta mai kauri, zai ce a ɓamɓare a ga abin da aka binne. Faci ba aibi ba ne, babu tsohon jirgin da ba shi da shi. Facin da aka ɓoye shi ne abin tsoro.

Bayan an mayar da shi ruwa, a kwashe ruwan cikinsa tas, a ɗaure shi ya kwana. Kai ma ka kwana kusa, kada wani yaro ya zo da asuba da ƙwarya ya gyara maka labari. Abin da ka tarar a cikinsa da safe shi ne gaskiyar jirgin.

Sai inji, inda yawancin kuɗin yake, inda kuma aka fi cutar baƙo. Kana ganin ka san inji domin ka yi shekaru kana fama da injin ban-ruwa a garkar albasa. Wannan sanin zai taimake ka, amma ba duka ba, domin injin jirgi da ruwan kogin yake sanyaya kansa. Yawancin waɗanda za ka tarar Yamaha Enduro ne, mai doki 15, ko 25, ko 40, wani lokaci 75. Ka iso da sassafe ba tare da sanarwa ba, ka ɗora tafin hannunka a kansa. Idan da ɗumi, an riga an tashe shi don kada ka ga wahalar tashinsa. Ka ce sai gobe. Lafiyayyen inji mai sanyi ba ya buƙatar a yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji. Da ya tashi, duba bayansa: akwai wani siririn ruwa da yake tsartuwa, masu jirgi suna ce masa fitsarin inji. In ya fito da ƙarfi, robar da ke tura ruwa tana aiki. In yana ɗiga ko babu shi, injin yana dafa kansa, wataƙila ma ya daɗe yana yi. Sa makaniki ya kwance ɗan kusun da ke ƙasa kusa da farfela, ya tari man giya a tafinsa. In ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga giya. In da ƙyalƙyalin garin ƙarfe, haƙoran giyar ne ke cin juna. A cire fulogi a ga launinsu, a auna ƙarfin matsin kowace silinda idan makanikin yana da ma'auni, kada ɗaya ta yi nisa da ƴar'uwarta. Injin da ya fito daga Kwatano ko Lome ko Legas ya sha ruwan gishiri, za ka gane shi da farin gari a gindin kusoshi da fenti mai kumburi. Irinsa ranar gyara ake kuka, kusa ta karye a ciki.

Kuma kada a gwada maka shi cikin durom. A durom kowane inji jarumi ne. A ɗaura shi a jirgin, a loda buhuna daidai nauyin da za ka riƙa ɗauka, a hau ruwa ana fuskantar igiyarsa, a daɗe ana tafiya. A nan ne mai tari zai yi tari.

Akwai ɗan allon ƙarfe a maƙalar injin mai ɗauke da lambarsa. In an kankare ta ko an cire allon, tashi ka bar wurin ko da kyauta za a ba ka. Satar inji sananniyar masifa ce a bakin ruwa, kuma ranar da mai shi ya gane kayansa, kai jandarma za su riƙe, dillali ya yi layar zana. A rubuta takardar ciniki da lambar a ciki, da shaidu, da sanin sarkin ruwa. Malamanmu sun karantar cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayarwa idan tsohon aibi ya bayyana. Gaskiya ne. Sai dai hakkin da ba ka da shaida a kansa, a garin da ba ka da kowa, wuyar karɓa gare shi.

Yanzu a ce komai ya yi kyau. Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a kuɗin saye, domin ranar da aka ce an sallama ranar ce kashe kuɗi ke farawa. Injin nan fetur yake sha gauraye da man 2T, yawanci lita 1 ga lita 50, kuma yaron da ya rage man don ya sami na shayi zai ƙone maka fistin cikin ɗan lokaci. Ga farfela da ke karo da dutse idan ruwa ya janye, ga kwalta da ƙusa duk shekara, ga kuɗin tasha da na ƙungiya da takardun hukuma, ga lasisin ma'aikatan gandun daji idan kamun kifi za ka yi. Sannan babbar tambaya: wa zai tuƙa? Ka san yadda ake ƙarewa da wanda ya sayi mota ya ba direba ya koma gida yana jiran balas. Na ruwa ya fi, domin ba ka san kuɗin fito ba balle ka kama ƙarya. Ka tuna mutanen jirgin nan na Suratul Kahfi: jirgi gare su, suna aiki da shi, amma miskinai aka kira su. Mallakar jirgi daban, arziki daban.

Kasuwar Gaya ɗin ma da ake kwaɗaita maka, rufaffiyar gada ce ta haife ta. Ba kai ka rufe ba, ba kai za ka buɗe ba. A 2024 an wayi gari hukumomin Benin sun hana ƙetarawar ta ruwa, jirage suka yi cirko-cirko a gaɓa. Ka tambayi kanka abin da jirginka zai ci ranar da manyan motoci suka koma bin gada. Wataƙila mai sayar maka ya riga ka yin wannan lissafin.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Ruɓaɓɓiyar mota tana mutuwa a gefen hanya, fasinja su sauka su nemi inuwa. A tsakiyar kogi babu gefen hanya. A watan Mayun 2021 wani tsohon jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya dare a kusa da Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kabi, waɗanda suka tsira kaɗan ne. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a Ɓagwai ta jihar Kano, wani ya kife da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Kusan kullum dalilan ba sa canzawa: tsufan katako, lodi fiye da ƙima, babu rigunan kariya. Idan aka ce ƙaddara ce, haka ne, amma za a tambayi mai jirgin abin da ya sani game da katakonsa. Saboda haka kuɗin rigunan kariya yana cikin kuɗin jirgi, ka ƙirga su tun farko daidai da yawan mutanen da za ka ɗauka.

Shawarata, ɗana, ka bar kuɗin a inda suke, ka je Gaya ka yi shekara guda kana yaron jirgin wani, ka ga cikar ruwa ka ga janyewarsa, ka koyi iyo, ka kwashe ruwa da hannunka. In bayan nan har yanzu kana so, ka saya, Allah ya sa albarka. In kuwa ba za ka iya wannan shekarar ba, ka dawo gida ka haƙa rijiya ka dasa albasarka.