Bota da Ƙaddara

A Kano cikin Afrilu zafi na kai digiri 40, bota kuwa tun wajen 35 ta narke. Ɓawon mitfai ba ya yin sala-sala sai gutsattsarin botar sun shiga wuta da sanyinsu, tururinsu ya ɗaga kwaɓin. Shi ya sa nake kwaɓi bayan Asuba, da ruwan ƙanƙara, da kan yatsu kawai.

Maƙwabciyata Hajiya da rana tsaka take nata, in ya yi tauri ta ce Allah ne bai nufa ba. Ba na musun ƙaddara. Amma wa ya ƙaddara wa bota ta narke a zafi? Ni dai a ganina Hajiya, tawakkali ba ya hana tashi da wuri.