Murnar da Yaro Zai Manta: Asara Ce ko Ajiya?



A ranar idin Iyali Mai Tsarki, watau Lahadin da ke bin Kirsimeti, bayan an tashi daga Misa, wani magidanci da matarsa suka tsayar da ni a ƙofar coci, suka ce suna da ƙara. Sun yarda in ba da labarin ba tare da ambaton suna ba. Kashegarin Kirsimeti sun shiga mota a tashar Kwangila da 'yarsu mai shekara 2 da 'yan watanni, suka tafi Kaduna, tafiyar kilomita wajen 80, domin su kai ta wurin wasan yara. Kuɗin mota, da kuɗin shiga, da askirim da balan-balan, sun cinye abin da zai ciyar da gidan mako guda. Da aka ɗora yarinyar a kan dokin nan mai juyawa, sai ta fashe da kuka, aka sauke ta. Abin da ya ba ta dariya a dukan yinin shi ne wani ƙadangare da ta yi ta bi a gindin bango, da kuma lilo ƙarami wanda ubanta ya riƙa tura ta a kai. Kafin la'asar ta yi barci a bayan uwarta.

Maigidan ya ce, "Fada, ba asara muka yi ba? Yarinyar nan ko baɗi ba za ta tuna an kai ta ko'ina ba." Matar ta amsa, "Fada, ni dai na ga 'yata tana dariya da babanta, abin da na daɗe ban gani ba." Na ce musu su ba ni lokaci in yi tunani, gama tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye a ƙofar coci. Ga abin da tunanin ya haifa.

Da farko, maigidan ya faɗi gaskiya game da mantuwa. Ƙalilan ne a cikinmu ke iya tuna wani abu da ya same su kafin su kai shekara 3 ko 4. Likitan nan na ƙasar Austriya, Sigmund Freud, ya yi rubutu a kan wannan mantuwa tun a 1905, masana na yanzu kuma suna danganta ta da abu biyu: sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye labarin abin da ya faru bai gama ƙosawa ba a waɗannan shekaru, harshen da yaro zai ɗaure labarin da shi kuwa bai zauna ba tukuna. Tun kafin su, Waliyyi Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, Bishop na Hippo, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya lura da wannan a cikin littafin da ya rubuta na furta rayuwarsa a gaban Allah. Ya yarda cewa bai san jarirantakarsa ba sai ta bakin waɗanda suka rene shi, da kuma ta kallon waɗansu jarirai. Saboda haka yarinyar nan za ta manta da Kaduna, za ta manta da ƙadangaren, babu shakka.

Amma mu bi maganar zuwa ƙarshenta. Idan tunawa ita ce ma'aunin abin da ya cancanci a yi wa yaro, to, nonon da muka sha asara ne, goyon da aka yi mana asara ne, daren da iyayenmu mata suka kwana a zaune saboda zazzaɓinmu shi ma asara ne, gama babu ɗaya daga cikinsu da muke tunawa. Duk da haka a kansu muke tsaye. Ma'aikatan lafiya suna yawan yi mana gargaɗi game da kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2, cewa a cikinsu ake kafa lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa. Kwanakin da suka fi gina mutum su ne waɗanda ba ya iya ba da labarinsu. Harsashin gida a ƙarƙashin ƙasa yake, mai gida ba ya ganinsa, amma da shi bango ke jure damina.

Mu Katolika ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin yawancinmu an yi mana baftisma muna jarirai. Wanene a cikinmu ke tuna sanyin ruwan, ko fuskar fadan da ya zuba shi? Alherin Allah bai jira hankalinmu ya buɗe ba kafin ya sauko. Haka kuma a cikin Bisharar Luka, sura 18, an kawo wa Ubangiji Yesu har da jarirai domin ya taɓa su, almajirai suka tsawata wa masu kawowa, shi kuwa ya kira yaran wurinsa. Markus, a sura 10, ya ƙara da cewa ya rungume su, ya sa musu albarka. Waɗannan jarirai ba su tashi da tunanin hannun Almasihu a kansu ba, amma bai ɗauki lokacin da ya ba su a matsayin ɓata lokaci ba. Dalili shi ne, yaro cikakken mutum ne tun yau, halitta cikin kamannin Allah. Darajarsa ba ta jiran ranar da zai girma. Murnar da ya yi a ranar Talata alheri ce a ranar Talatar, ko da Laraba ta share ta.

Akwai kuma abin da ke saura bayan labarin ya ɓace. Yaron da aka tura a lilo ya tafi sama, ya dawo, ya tarar da hannun ubansa yana nan, ya koyi wani abu wanda ba a koyar da shi da baki: cewa ana iya sake shi ba tare da an yashe shi ba. Sau ɗari, sau dubu, irin wannan ƙaramin abu yana taruwa ya zama amincewa. Ranar da katikis zai gaya masa cewa Allah Uba ne, kalmar za ta sami wurin zama a zuciyarsa, domin ya riga ya ɗanɗana ma'anarta. Wanda bai san uba ba sai a matsayin mai tsawa da mai biyan kuɗin makaranta, addu'ar Ubanmu takan yi masa nauyi a baki.

Waɗansu masu ibada suna zaton wasa ba ya tafiya tare da tsarki. Ikilisiya ba ta koyar da haka ba. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya koyar cewa rai yana gajiya kamar yadda jiki ke gajiya, hutunsa kuwa yana cikin nishaɗi, har ya lissafa rashin walwala gaba ɗaya a cikin aibobi, kamar yadda ya lissafa wasan da ya wuce kima. Ya kawo wani tsohon labari na gargajiyar Ikilisiya game da Manzo Yohanna: waɗansu sun yi gunaguni da suka iske shi yana wasa da almajiransa, sai ya sa wani mai baka ya yi ta harbi, sa'an nan ya tambaye shi ko zai iya ci gaba haka ba tsayawa, mutumin ya ce bakan zai karye. Waliyyi Yohanna Bosko, wanda ya rayu daga 1815 zuwa 1888, da wasanni ya tara yaran titi na birnin Turin a Italiya, daga filin wasa ya kai su ga katikisma da sana'a. Duniya ma ta amince da wannan: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta tabbatar a 1991, ta sa hutu da wasa a cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31.

To, ashe matar ce ke da gaskiya duka? A'a, maigidan yana da nasa rabon, ko da yake bai kama shi ta inda ya dace ba. Akwai tambayoyi uku da ya kamata kowane iyali su yi wa kansu kafin su kama hanya.

Ta farko: domin wa ake tafiyar? Sau da yawa yaron hujja ce kawai. Muna son hoton da za mu nuna a waya, muna son maƙwabta su ji cewa mu ma mun je. Alamar wannan ita ce ɗora yaro yana kuka a kan abin da yake tsoro, domin an riga an biya kuɗi, ko domin hoton bai fito da kyau ba. Wanda ya yi haka ya mai da ɗansa kayan ado. Iyayen yarinyar nan sun yi daidai da suka sauke ta nan take.

Ta biyu: da wane kuɗi? Daidai ruwa, daidai tsaki. Idan sai an ci bashi, ko an taɓa kuɗin makarantar yayyen yaron, ko kuɗin magani, to, nishaɗin ya zama rashin adalci ga sauran 'yan gida. Miji da mata su zauna su yi shawara tun kafin a fita, gama yawancin faɗan da ake yi bayan an dawo, faɗan shawarar da ba a yi ba ne.

Ta uku: an auna tafiyar da ƙarfin yaron? Mai shekara 2 ba ya jure rana, da cunkoso, da ƙarar lasifika kamar babba. Yana bukatar ruwa, da inuwa, da barcinsa na rana, da hannun da ba zai sake shi cikin taro ba. Inda aka rubuta iyakar shekaru ko tsawo ga masu hawa wani abu, a bi ta, kada a roƙi ma'aikaci ya kau da kai. Rai amana ce, yaro kuwa bai san wuta ba sai ya taka.

Wurin wasan nan na Amurka da ya yi suna a duniya, Disneyland, an buɗe shi a jihar Kalifoniya a 1955. Wanda ya kafa shi, Walt Disney, ya ba da labari cewa tunanin ya zo masa ne yana zaune a kan benci yana kallon 'ya'yansa mata biyu suna hawa doki mai juyawa, ya ga ya kamata a sami wurin da iyaye da yara za su yi wasa tare. Ko mai babban kasuwancin ya san cewa abin da ake nema shi ne uban ya tashi daga benci. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Abin da yarinyar nan ta samu a Kaduna shi ne yini guda cur na ubanta, wanda kullum yakan fita tana barci, ya dawo tana barci. Wannan kuwa ana iya ba da shi a tsakar gida, da motar kara, da 'yar tsana, da tatsuniya bayan tuwon dare, ba tare da an sayi tikiti ba.

Sauran magana ɗaya, wadda ta fi damuna. Duk wanda ya shiga mota a Kwangila ya ga yaran da ke ƙarƙashin gada da gefen titi: masu tallan ruwa da gyaɗa, masu riƙe da kwanon bara, waɗansu ba su fi 'ya'yanmu da shekara 3 ko 4 ba. Mai arzikin nan na Luka sura 16, ba cin abincinsa aka hukunta shi a kai ba. Li'azaru na kwance a ƙofarsa, shi kuwa yana wucewa. Ba na cewa ku hana 'ya'yanku murna domin waɗansu ba su da ita, gama baƙin cikin ɗanka ba ya ƙosar da ɗan wani. Ina cewa murnar Kirista tana da ƙofa a buɗe. Ɗa na kowa ne. Me zai hana kowace majami'a a dayosis ɗinmu na Zariya ta kafa lilo biyu da tarin yashi a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, ta bar wurin ga dukan yaran unguwa, Kirista da Musulmi, da manya biyu masu lura da su? Muna da maƙera da kafintoci a cikinmu, muna da Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa. Kuɗin bai kai na bikin aure ɗaya ba.

Da na sake ganin ma'auratan, na ce wa maigidan, "Baba, ba ku yi asara ba, sai dai kun saya da tsada abin da ke cikin gidanku kyauta. Ku ɗaura lilo a tsakar gida, ku tura ta kowace Lahadi da yamma." Na ce wa matar, "Mama, kin ga abin da ya kamata a gani, amma nan gaba ku ƙirga kuɗin tare tun kafin a fita." Suka yi dariya, yarinyar kuwa tana ta jan rigata.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Abin da yaro ya manta, Allah bai manta ba. Bari Yesu, Maryamu da Yusufu, Iyali Mai Tsarki na Nazarat, su tsare gidajenmu, su ba iyaye hikima da haƙuri, su kuma tuna da yaran da ba su da mai tura su a lilo. Amin.