AMANAR GININ JAMA'A: WA KE DUBA MASU BA DA KWANGILA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya tsayar da ma'auni, ya yi horo da adalci, ya hana ha'inci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, amintacce tun kafin aike, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ina yi mana wasiyya, ni da ku, da tsoron Allah a ɓoye da bayyane. Nasiharmu ta wannan karo ta shafi wani al'amari da mutane da yawa suke ɗauka ba ruwan masallaci da shi, wato yadda ma'aikatun gwamnati suke ba da kwangilar gine-gine, da yadda ake bin sawunsu don a ga ko sun kiyaye ƙa'ida. Wani zai ce wannan zancen ƴan boko ne da takardunsu. To, mu saurara tukuna.

Ranar 13 ga watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas a Yamai, ta cinye azuzuwan zana, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga watan Nuwamba na wannan shekarar irin haka ta faru a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ya sa su zama masu ceton iyayensu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka. Amma imani da ƙaddara bai ɗauke mana tambaya ba. A ƙasar da dubban azuzuwa suke na zana da kara, duk dalar da aka ware don ginin aji tana da nauyin rai. In an fitar da kuɗin aji goma aka gina bakwai, to ukun da suka rage suna nan a zana, da ƴaƴan talakawa a cikinsu, suna jiran iskar hunturu.

ABIN DA DOKA TA SHIMFIƊA

A watan Disamba na 2005 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar take cikinta, ta fitar da ƙa'idoji biyu a kan kwangilolin gwamnati, na ɗaya a kan yadda ake ba da su, na biyu a kan yadda ake sa musu ido. A kan wannan tsari dokokin ƙasarmu suke tafiya. Hukumar da ke kula da wannan fanni an daɗe ana kiranta ARMP, a ƙarshen 2022 aka sake mata tsari ta koma ARCOP.

Ga taƙaitaccen abin da ake nema. Kowace ma'aikata ta rubuta jerin ayyukan da take nufin bayarwa a shekara, a buga shi jama'a su gani. In lokacin aiki ya zo, a yi shela a jarida, a faɗi irin ginin da ranar rufe karɓar takardu. Wanda zai nema dole ya kasance sananne a wurin hukuma: yana da rajistar kasuwanci, yana da lambar lanho da ake kira NIF, yana da shaidar ya biya abin da ke kansa na lanho da na asusun ma'aikata, yana kuma da takardar izinin aikin gini wadda ta nuna ajinsa, domin mai iya gina shago ba lalle ne ya iya gina asibiti ko gada ba. Kowa ya kawo farashinsa a rufe. A buɗe ambulan a bainar masu nema, a karanta da ƙarfi, a rubuta. Kwamiti ya auna, a sanar da wanda ya samu, wanda bai yarda ba yana da damar kai ƙara. In an gama gini, a zo a duba a karɓa karɓar wucin gadi, a riƙe wani ɗan kaso na kuɗin, sai bayan wani lokaci, yawanci shekara guda, in ba a ga tsaga ko yoyo ba, a yi karɓar ƙarshe. Ba da aiki kai tsaye ga mutum ɗaya ba tare da takara ba, doka ta mai da shi togaciya, sai da dalili da izini.

Ku lura, ya ƴan'uwa, mafi yawan waɗannan sharuɗɗa a wuyan mai bayarwa suke. Shi ne zai yi shela, shi ne zai duba rajista, shi ne zai rubuta ya ajiye. Saboda haka wanda ya fi cancanta a fara dubawa shi ne ma'aikacin da ke riƙe da alƙalami.

SHIN WANNAN BAƘON ABU NE GA ADDINI?

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu, da kada a ƙosa da rubutawa ko abin ƙarami ne ko babba. Allah ya bayyana hikimar haka, cewa shi ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi kawar da shakka. In wannan ne hukuncin bashi tsakanin mutum biyu, ina ga dukiyar da miliyoyin mutane suke da haƙƙi a cikinta, har da maraya da matar da mijinta ya rasu da wanda ba a haifa ba tukuna? A Suratun Nisa'i, aya ta 58, an umurce mu da mayar da amanoni ga masu su. A Suratul Ƙasas, an yabi wanda ake ɗauka aiki da siffa biyu, ƙarfi da amana. Takardar izinin gini shaida ce ta ƙarfi, takardar lanho shaida ce ta amana. Wanda ya tsallake su ya ba ɗan'uwansa ko abokin siyasarsa aiki ya tsallake ma'aunin da Littafi ya nuna.

Malaman zamaninmu ma ba su bar mas'alar ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 12 a birnin Riyad a shekarar 2000, ta yi fatawa cewa takarar neman kwangila halal ce, hukuncinta kamar na cinikin gwanjo yake, kuma ya halatta a taƙaita shiga ga waɗanda hukuma ta yi wa rajista ta ba su aji, da sharaɗin rajistar ta tsayu a kan adalci. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa sananne ne cewa ana lamuntar da masu sana'a abin da ya lalace a hannunsu, don kare dukiyar mutane.

Amma doka ba ta tsare kanta. Manzon Allah (S.A.W.) ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya komo, Annabi ya zaunar da shi ya yi masa lissafi. Mutumin ya ware wani kaso ya ce kyauta ce aka ba shi. Sai Manzon Allah ya hau mumbari ya bayyana wa jama'a cewa da mutum ya zauna a gidan iyayensa, da ya ga ko kyautar za ta iske shi, ya kuma yi gargaɗi cewa duk wanda ya ɗauki wani abu ba da haƙƙi ba zai zo da shi a wuyansa ranar ƙiyama. Sahabi ne, amma an yi masa lissafi, kuma a kan mumbari aka yi zancen. Sayyidina Umar (R.A.) yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗa shi, in ya ga ƙari da ba a san asalinsa ba ya raba shi da baitulmali, kuma yana da mai bincike, Muhammadu ɗan Maslama, wanda yake aikawa ya duba gwamnoni.

Har a kan gini kansa magabata sun yi tsari. Wani malami na birnin Ishbiliya a Andalus, Ibnu Abdun, ya rubuta littafi a kan hisba a farkon ƙarni na 12 na Miladiyya. A ciki ya nemi a ajiye ma'aunin tubali da na katakon rufi a wurin muhtasibi ko a rataye su a babban masallacin Juma'a, don duk mai shakka ya zo ya gwada. Ku duba, ya bayin Allah, a masallaci ake rataye ma'aunin tubali! To wa zai ce zancen siminti da ƙarfe baƙo ne a wannan wuri?

ƘOFOFIN HA'INCI

Hanyoyin da ake bi a kauce wa ƙa'ida ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, a daddatsa babban aiki gunduwa-gunduwa, kowane yanki ya faɗo ƙasa da adadin da ke wajabta shela, sai a raba a ɗaki. Na biyu, a yi jinkiri da gangan har damina ta gabato, sannan a ce gaggawa ce, a ba wanda ake so. Na uku, mutum ɗaya ya kawo takardu uku da sunayen kamfani uku, biyu na ƙanensa da direbansa, don a ce an yi takara. Wannan ɗan'uwan najashi ne, wato ƙara farashi a kasuwa ba da nufin saye ba sai don ruɗin wani, kuma Annabi (S.A.W.) ya hana shi. Na huɗu, a yi hayar takardar izinin wani, wanda bai taɓa aza tubali ba ya karɓi aikin asibiti, ya sayar wa na biyu, na biyu ya sayar wa na uku, kowa ya yagi rabonsa. Na biyar, a sa hannu a takardar karɓar gini alhali ba a taka wurin ba.

Kuɗin da aka bayar a bayan fage ba daga aljihun ɗan kwangila suke fita ba. Daga jikin ginin ake zare su. Buhun simintin da ya kamata ya ba da bulo talatin sai a matsa masa ya ba da hamsin. Inda aka rubuta ƙarfe mai lamba 12 sai a sa mai lamba 8. A rage zurfin tushe, a sa kwano marar kauri, a shafe da fenti. Ranar buɗewa a yi tafi, bayan damina biyu bango ya tsage, iska ta kwashe rufi, yara su koma gindin itace.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Mun ga yadda binciken da aka yi a 2006 a kan kuɗin ilimin firamare, abin da aka sani da badaƙalar MEBA, ya kai ga tsare ministoci biyu, har majalisar dokoki ta kayar da gwamnati ranar 31 ga watan Mayu na 2007. Wannan hisabin duniya ke nan. Na lahira ya fi tsanani. Ya tabbata a hadisi cewa wani bawa mai hidima ga Manzon Allah, ana kiransa Mid'am, kibiya ta same shi ya rasu, mutane suna yi masa barka da Aljanna, sai Annabi ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganimar Khaibara kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi ɗaya ke nan. Ina ga wanda ya haɗiye rufin makaranta?

ABIN DA YA HAU KAN KOWA

Ya kai ma'aikaci mai alƙalami, ka sani sa hannunka shaida ce, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. Ka yi shela a kan lokaci, ka duba takardun kowa da ido ɗaya, ka ajiye kundi yadda in mai bincike ya zo ba za ka yi zufa ba. Kada ka ɗauki zuwansa cin mutunci. An yi wa waɗanda suka fi ka lissafi.

Ya kai mai bincike da injiniya mai duba aiki, ku ne muhtasiban wannan zamani. Hukumomi sun zo sun wuce, an kafa HALCIA a 2011, an kafa COLDEFF a 2023. Suna yana canzawa, amma abin da ake nema gare ku ɗaya ne: ku je wurin da ƙafafunku, ku auna, ku rubuta abin da kuka gani, ku hukunta babba kamar yadda kuke hukunta ƙarami. Manzon Allah ya faɗa mana cewa abin da ya halaka waɗanda suka gabace mu shi ne ƙyale mai daraja in ya yi sata da tsayar da haddi a kan mai rauni. Rahoton da aka rubuta aka kulle a aljihun tebur shaida ce da aka ɓoye.

Ya kai Alhaji ɗan kwangila, riba halal ce, ba wanda ya hana ka. Amma ka nemi aikin da ya yi daidai da ajinka, ka zuba abin da ka yi alkawari, ka biya magina da lebura kafin guminsu ya bushe. Kada ka rage simintin aji ka zo ka shimfiɗa darduma a masallaci. Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki.

Ku kuma sauran jama'a, iyayen yara da masu unguwa da limamai, ginin naku ne. In aka fara aiki a unguwarku, ku karanta allon da aka kafa, ku san wane ne mai aikin, wace ma'aikata ce ta ba shi, wata nawa aka ɗibar masa. In babu allo, ku tambaya cikin ladabi. In kun ga ɓarna, ku kai ga hukuma da hujja, ba da jita-jita ba, domin ƙazafi ma zunubi ne. Mu fara kuma da kanmu: kwamitin ginin masallaci da na makarantar Islamiyya su nemi farashi daga magina fiye da ɗaya, su rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, su karanta wa jama'a bayan sallah. Wanda bai iya tsare amanar jika ɗari ba, da wane baki zai tambayi mai riƙe da miliyan dubu?

Ya Allah ka shiryi shugabanninmu, ka haɗa su da mashawarta na gari. Ya Allah ka wadata mu da halal ɗinka ga barin haram ɗinka. Ka tsare ƴaƴanmu daga gobara da rushewar gini, ka jiƙan waɗanda suka rasu, ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka ba mu damina mai albarka. Ka sa mu cika da imani, ba mu ɗauke da haƙƙin kowa a wuyanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.