Duba Da Karta Da Sha'anin Koyon Sana'a

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya keɓanta da sanin gaibu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a Garo ta ƙasar Kabo, da Gwarzo da ƙauyukan da ke kewaye da su a yammacin Jihar Kano, akwai samari masu yawa da iyayensu suka danƙa su ga masu sana'a domin su koyi ɗinki, ko walda, ko kafinta, ko gyaran babur. Sau da yawa yaro ya kan yi shekara guda yana share shago yana miƙo kayan aiki, sa'an nan zuciyarsa ta fara raya masa cewa ko dai arzikinsa ba a nan ya ke ba. A irin wannan lokaci ne wasu su kan nemi mai bugun ƙasa ya duba musu. Yanzu kuma wayar hannu ta shigo da wani irin duba na Turawa da a ke yi da karta, wanda su ke kira tarot, har ma akwai karta guda a ciki da a ke fassara ta da koyon sana'a da naci a kan aiki. Ya kamata Musulmi ya san asalin wannan abu da hukuncinsa.

Kartar wasa ta shiga Turai ne a ƙarni na 14, kuma masana tarihi sun fi rinjayar da cewa ta hanyar Masar ta bi, a zamanin sarakunan Mamluk. Ita tarot an ƙago ta a arewacin Italiya wajen shekarar 1440, domin wasa kawai. Sai bayan shekara ɗari uku da 'yan kai, a Faransa, wasu suka mai da ita abin duba, musamman bayan wani marubuci mai suna Court de Gébelin ya yi da'awa a 1781 cewa asirin mutanen Masar na dā yana ɓoye a cikinta, alhali ba shi da wata hujja. Kartar guda 78 ce. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wadda aka buga a Landan a 1909. A cikinta ne a ke ganin hoton wani ma'aikaci zaune a kan benci, da guduma da kurfi a hannunsa, yana sassaƙa tauraro a kan wasu fayafayai guda takwas masu kama da kuɗi, ga gari can nesa a bayansa. Masu duba su kan ce idan ta fito a miƙe, mutum ya dage da koyo, zai ga riba. Idan kuwa ta fito a juye, sai su ce alamar kasala ce, ko aikin da ba ya kai mutum ko'ina.

Mai karatu zai iya cewa, ai wannan nasiha ce mai kyau, ina laifin wanda ya ce a dage da aiki? Amsa ita ce, laifin yana wurin wanda aka tambaya da abin da aka tambaye shi. Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana a ƙarshen Suratu Luƙman cewa babu wani rai da ya san abin da zai aikata gobe, kuma a Suratun Namli, aya ta 65, Ya kore sanin gaibu daga duk wanda ke sammai da ƙasa, Ya bar wa kanSa. Larabawan jahiliyya suna da kibau da su ke jawowa idan za su yi tafiya ko ciniki ko aure: ɗaya ta yi umurni, ɗaya ta yi hani, ɗaya babu komai a jikinta. Allah Ya haramta wannan a Suratul Ma'ida, aya ta 3 da ta 90. Wanda ya cuɗa karta ya zaro guda domin ta gaya masa ya zauna a shago ko ya bari, abin da mai kibau ya yi shi ma ya yi.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. A wani hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, an gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa bokaye su kan faɗi abu ya zama gaskiya, sai ya bayyana cewa kalma ɗaya ce ta gaskiya aljani ke fizgowa, su kuwa su gauraya ta da ƙarya ɗari. Saboda haka dacewar magana ɗaya ba ta halatta zuwa wurinsu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi kakkausan gargaɗi a littafinsa Nurul Albab game da masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa ko taurari ko aljanu. Karta ta bi sahunsu.

Akwai kuma ɓarna ta zahiri. Kartar da ta fito a miƙe yau tana iya fitowa a juye gobe, domin babu abin da ya juya ta sai hannun mai cuɗawa. Yaron da ya rataya zamansa a kanta zai iya barin maigidansa saura kaɗan a yaye shi, ya koma wata sana'ar, ya sake bari, har girma ya cim masa bai iya ko ɗaya ba. Asarar ta kan hau kan iyayen da suka kai shi, da iyalin da zai ajiye nan gaba.

Abin kirkin da a ke jingina wa wannan karta, Musulunci ya riga ya zo da shi a tsarkake. Buhari ya ruwaito cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda, duk da sarautarsa, daga aikin hannunsa ya ke ci. A Suratu Saba'i Allah Ya ambaci cewa Ya tausasa masa ƙarfe, Ya umurce shi ya ƙera sulke cikakku, ya kuma daidaita ƙirar zobbansu, watau umurni da kyautata aiki. Muslim ya ruwaito cewa Annabi Zakariyya masassaƙi ne. Annabi Musa kuwa, a Suratul Ƙasas, ya yi alkawari da dattijon Madyana cewa zai yi masa aiki shekara takwas, in ya so ya cika goma, kuma Ibnu Abbas ya ce mafi tsawon wa'adin ya cika. Ga kuma tafiyarsa da Haliru a Suratul Kahfi, inda sharaɗin farko da aka gindaya wa mai neman koyo shi ne haƙuri.

Ƙasar Kano ma shaida ce. Baturen nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar su ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Masu marinar Ƙofar Mata da maƙera da dukawa sun sami hannunsu ne ta zaman shekaru a gaban iyaye da iyayen gida. Da zuga-zugi ɗan maƙeri ya kan fara, kafin a ba shi masaba.

Sai dai haƙuri ba a kan ɗan koyo kaɗai ya ke ba. Wajibi ne maigida ya koyar da gaske, kada ya ɓoye sirrin aiki domin tsoron kada yaro ya fi shi, kada kuma ya mai da shi ɗan aike shekara da shekaru. Buhari ya ruwaito mutum uku waɗanda Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya gama amfana da shi, ya hana shi ladansa. Ya kyautu uba da maigida su yanke wa'adin koyo tun ranar farko, a gaban shaidu, kamar yadda Annabi Musa da surukinsa suka yanke nasu.

Wanda kuma ya rasa tudun dafawa game da sana'arsa, shari'a ta buɗe masa ƙofa biyu. Ta farko shawara da iyaye da waɗanda suka daɗe a cikin sana'ar, domin su ne suka san ko hannunsa ya faɗa ko bai faɗa ba. Ta biyu istihara, wadda Jabir ɗan Abdullahi ya ce Manzon Allah yana koya musu ita kamar yadda ya ke koya musu sura daga Alƙur'ani: raka'a biyu na nafila, sa'an nan addu'ar neman zaɓin Allah. Mutum da kansa ya ke yin ta, ba a biyan kowa kuɗi, ba sharaɗi ba ne kuma sai an yi mafarki. Bayan haka sai ya kama abin da zuciyarsa ta natsu a kai, ya dogara ga Allah. Wanda ya riga ya faɗa cikin duba, sai ya tuba, ya daina, ya koma bakin aikinsa.

Allah Ya sa wa sana'o'in Musulmi albarka, Ya ba masu koyo haƙuri, Ya ba masu koyarwa adalci, Ya tsare al'umma daga sharrin bokaye da 'yan duba. Amin.