Kyamarar Yuro Miliyan 14 da Tambayar Ranar Hisabi

A shekarar 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a kan dala 25, da fim na hoto 100 a cikinta. In fim ɗin ya ƙare, sai ka aika da ita birnin Rochester na Amurka, ka biya dala 10, a wanke maka hotunan, a maido ta da sabon fim. Kuɗin ya fi ƙarfin talaka. A 1900 sai kamfaninsa ya ƙera Brownie, ɗan akwatin kwali na dala 1, har yara suka shiga ɗaukar hoto.

A Jamus kuwa, Oskar Barnack ya ƙirƙiro kyamarar Leica. A 1923 aka haɗa wasu 'yan ƙalilan na gwaji, kafin ta shiga kasuwa a 1925. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 105, wadda Barnack ya riƙe da hannunsa, ita aka yi gwanjonta a garin Wetzlar a watan Yunin 2022. Ta tashi a kan Yuro miliyan 14.4.

Me mai sayen ya saya? Wayar da ke aljihun direban Keke Napep ta fi wannan kyamara sauƙin aiki da saurin fitar da hoto. Abin da ya yi tsada shi ne ƙarancinta da sunan wanda ya taɓa ta. Farashi ma'aunin kwaɗayin mutane ne a wani lokaci, shi ya sa yake hawa da sauka alhali ƙarfen yana nan yadda yake.

Ban ce cinikin haramun ne ba. Jumhurin malamai sun halatta gwanjo, kuma da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba, ya mayar da al'amarin ga Allah. Adana kayan tarihi ma aikin kirki ne.

Damuwata tana wani wajen. An karantar da mu cewa za a tambayi bawa dukiyarsa ta fuska biyu: ina ya samo ta, kuma ina ya kashe ta. Kasuwa ba ta amsa ko ɗaya, iyakarta ta faɗi nawa. Brownie ta dala 1 ta bar wa iyalai fuskokin kakanninsu, ta sada zumunci tsakanin waɗanda suka yi nisa. In Leicar nan ta je inda ɗalibai za su gan ta su koyi yadda aka fara, ita ma ta yi amfani. In kuwa an kulle ta ne ana jiran ta ninka kuɗinta, to an ɗaure dukiyar da za ta iya gina asibiti.

Wannan hisabi bai tsaya kan attajirai ba. Duk wanda ya ajiye filin da ba ya nomawa, ko tufafin da ba ya sawa, alhali maƙwabcinsa yana cikin buƙata, tambayar tana jiransa.