Gumi da Aya-aya

Duk wanda ya taɓa gyara 'yar garka a bayan gida, ya zuba alayyahu da kuɓewa, ya san aya-aya, wadda wasu ke kira jiji. Mu nome ta ranar Asabar, wuri ya yi fes, kafin wata Asabar ta leƙo, kore shar, har ta fi da yawa. Sai mu sake ɗaukar fartanya cikin fushi, muna cewa yau sai mun ga bayanta.

To, abin da muke sara ganye ne kawai. Ran ciyawar yana ƙasa, cikin 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu kama da aya, a jere bisa jijiya ɗaya kamar carbi. Muddin jijiyar tana haɗe, ƙwayar da ke gaba ce ke tsira, yawancin sauran suna barci. Da fartanya ta tsinka ta, sai kowace ta farka ta kafa nata gidan. Wato da hannunmu muke yi mata rabon gado. Ba mamaki da wani littafin masana tsirrai na 1977 ya sa ta farko a jerin miyagun ciyayin duniya, ya ce tana addabar manoma a ƙasashe fiye da 90.

A nan ne tambayarmu take. Tun muna yara aka koya mana girmama gumi, kuma ba a yi mana ƙarya ba. Amma gumi shi kaɗai nagarta ne, ko da ɓarnar da ake yaƙa yake ciyarwa?

Mu dubi wanda ya san halinta. Shi yakan jira bazara, ya sa garma ya birkice ƙasar da zurfi, ya bar ƙwayoyin a fili makonni, rana ta ƙona su. Idan damina ta faɗi sai ya dasa dankali, ganye ya rufe ƙasa, domin aya-aya ba ta jure inuwa. A duk tsawon jiran nan garkarsa ba kyan gani, maƙwabta kuwa sun gama yanke masa hukuncin ragwanci. Mu da ke sunkuye kowace Asabar mu ake yi wa sannu da aiki, kuma, mu faɗi gaskiya, sannun nan tana da daɗi. Sau da yawa ba don alayyahu muke noman ba, don idon mai shigowa ne.

Wani zai ce ai niyya ake dubawa, kuma wanda bai sani ba ba shi da laifi. Mun yarda. Har ma fartanya kan ci nasara, in mutum zai sare kowane tsiro da zarar ya fito, wata da watanni ba fashi, har abincin da ƙwayar ta tara ya ƙare. Sai dai namu noman ba irin wannan ba ne. Mu sai ganye ya ɓata mana rai muke tashi, ran ya huce mu jingine fartanya. Kuma uzurin rashin sani yakan ƙare ranar da aka gaya wa mutum. An gaya mana tun bara, bazara ta zo ta wuce, ba mu taɓa garma ba, domin aikin da ba mai yi mana sannu a kansa ya fi mana nauyi.

Jiya da yamma mun ga ta leƙo ta gindin katanga, kusa da rariya, ganye uku siri-siri. Hannunmu har ya kai kan ƙotar fartanya.