Ƙwallon Gola

A wani gidan haya da ke lungunan Nima a birnin Akra, can ƙasa kusa da babbar gota, an yi wani tsoho da kowa ke kira Baba Tela. Da ƙafarsa ya taka keken ɗinki har ya aurar da 'ya'yansa, kuma ba a taɓa tayar da sallar asuba ba ya cikin sahu ba.

Daren Laraba, 3 ga Yunin 2015, ruwa ya sauko a Akra kamar da bakin ƙwarya. Jama'a suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, fetur ya malalo a kan ruwa, wuta ta kama. Sama da mutum 150 suka rasu, cikinsu har da 'yar autar Baba Tela da ta taso daga kasuwa. Ta bar yaro ɗan shekara bakwai.

Tun daga ranar yaron ya ɗauke magana. Ga asiri ba a yi masa ba, ga kunne yana ji sarai, amma sai dai ya girgiza kai. Da hadari ya haɗo sai ya shige ƙarƙashin gado. Ana cikin wannan, hawan jini ya kayar da kakansa a bakin shago, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka kai shi asibitin Korle Bu, inda aka buɗe sashen masu shanyewar jiki a 2014. Ya rayu. Kafin a sallame shi, likitar gashin ƙashi ta koya masa motsin da zai riƙa yi kullum. Ya dawo gida, ya juya fuska bango.

"Ni tawa ta ƙare, Hajiya," abin da yake ce wa matarsa ke nan.

Hajiya kuwa ta tsaya a kansa tsayin daka. Ita ke ba shi koko da ƙosai a baki, ita ke sa masa riga, ko buta ya miƙa hannu zai ɗauka sai ta riga shi. Masu dubiya su zo su ce a bar bawan Allah ya huta. Irin wannan tausayin namu na gaskiya ne, amma sau da yawa shi ke ƙarasa kwantar da mara lafiya, domin wanda aka ɗauke wa kowane aiki sai ya fara ganin kansa kaya ne a gida.

A ɗakin ƙarshe na gidan akwai wani saurayi ɗan Kano wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana ƙarami. A kan wani allo mai ƙananan tayoyi yake zirga-zirga, silifa a tafin hannu yana tura ƙasa. Ranakun aiki yana bakin danja neman abin sawa a baka. Ranar Lahadi kuwa ɗan ƙwallo ne. Wasan nasu da hannu ake buga shi, wanda wani Bakano, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro a Nijeriya a 1988, kuma a Akra ƙungiyar Rolling Rockets ta yi suna da shi, suna bugawa a tashar mota idan ta yi fili ranar Lahadi. Saurayin mai tsaron raga ne, shi ya sa ake ce masa Gola.

Bayan la'asar yakan fito tsakar gida yana doka ƙwallo a bango yana cafewa. Wata rana ta kuɓuce ta gangara gaban yaron, wanda ke rakuɓe a bakin ƙofar kakansa. Gola bai yi masa tambayar da manya suka ishe shi da ita ba. Hannu kawai ya buɗe. Yaron ya daɗe yana kallon ƙwallon, sannan ya turo ta. Gola ya mayar masa. Haka suka yi har aka kira magariba, babu wanda ya ce uffan.

Bayan 'yan kwanaki Gola ya saki ƙwallon da gangan, ta wuce labule ta tsaya jikin tabarmar tsoho.

"Baba, a taimaka a turo mini."

"Ba ka ga hannun ba ne?"

"Na gani, Baba. Kai ma ai ka ga ƙafafun."

Tsohon ya yi shiru. Can ya sa hannun dama ya turo ta da fushi. Gola ya cafe, ya mayar, ya ce, "Saura ɗayan." Baba Tela ya ɗaga hannun hagu da na dama ya ɗora a kan ƙwallon. Yatsun a dunƙule suke, kafaɗa na rawa, gumi ya keto masa a goshi. Ƙwallon ta motsa kamar taƙi ɗaya ta tsaya. Gola ya faɗi gefe da allonsa wai an zura masa ci. Sai aka ji dariya, ƙarama, a shaƙe. Hajiya ta saki murfin tukunya ta fito da gudu, don rabonta da jin muryar jikanta tun daren gobara.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Kullum bayan la'asar su uku a tsakar gida, aikin yaron shi ne ƙirga sau nawa kakansa ya turo. Da yatsu ya fara, daga baya leɓe ya soma motsi, har ranar da aka ji ya ce "tara, goma" a fili.

Da suka koma asibiti, likitar ta lanƙwasa hannun ta miƙe, ta tambayi abin da ya canja. Ta yi musu bayani cewa idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya lalace, maimaita motsi ne ke sa sauran sassan su koyi aikinsa, kuma a watannin farko aka fi samun sauƙi. Ta ce kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki ciwon damuwa na kama su, kuma shi ke hana su yin motsin da zai tashe su. Motsi cikin mutane kuwa yana gyara barci, ya buɗe ciki, ya rage ƙunci. Amma ta ja kunne: ƙwallo ba za ta maye gurbin maganin hawan jini ba. Ta haɗa tsohon da likitan da ke duba damuwa, ta ce a kawo yaron shi ma. Sannan ta juya ga Hajiya. "Mama, daga yau a bar shi ya ci da kansa, ko zai ɓata riga."

Ba a tafi sumul ba. Ranar da Baba Tela ya fara gwada tsayuwa ba mai riƙo, ya faɗi a gaban matan gida. Ya koma ɗaki ya yi kuka, ya ce kada a sake kawo masa ƙwallo. Mako guda ba a yi wasa ba. Gola bai matsa ba. Yaron ne ya ɗauki ƙwallon ya shiga, ya tsaya a kansa ya ce, "Kaka, tashi mana. Ko tsoro kake ji in ci ka?" Tsohon ya dube shi ya ce, "Kai, abokina, yaushe bakinka ya buɗe har da rashin kunya?" Ya miƙa hannu a ɗaga shi.

Da damina ta zagayo, ranar da aka fara ruwa mai ƙarfi yaron ya nufi ƙarƙashin gado. Kakansa ya kira shi ya ce ƙirga ba ta cika ba. Suka zauna a baranda, ruwa na dukan kwano, yaron na rawar jiki yana ƙirgawa har ruwan ya tsagaita.

Hannun hagun bai dawo daidai ba, Baba Tela bai sake hawa keke ba. Amma yana zuwa masallaci da sandarsa, yana zama a shago yana nuna wa yara yanka, jikan kuma ya koma makaranta. Gola na nan a bakin danja, ranar Lahadi a raga.

Mai karatu, idan akwai wanda ya juya fuska bango a gidanku, tsoho ne ko yaro ko mai lalura, kai shi a duba shi, ka tambayi motsin da ya dace da jikinsa, sannan ka zauna ku yi tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro na buƙatar minti 60 na motsa jiki a rana, babba kuwa aƙalla minti 150 a mako, kuma ta sa masu naƙasa cikin wannan lissafin.